Zauren Baba Sale a Hoto Ɗaya

Tun da na dawo daga ƙasar Kudan ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shagona na ɗaukar hoto a nan Ikara, kafin ya zauna sai ya ce, "Haruna, wai da gaske kwana uku ka yi? Ko ta Legas ka zagaya?" A teburin mai shayi kuwa har an laƙaba mini Alhajin Kudan. Suna da gaskiya, domin tafiya ce da mutum zai yi sammako ya je, ya dawo ya ci abincin rana a gidansa. Kwana na ukun ruwan sama ne ya tsare ni, biyun farko kuwa ni na jawo wa kaina. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi kowa yana ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Hajiya Rabi ce mafarin tafiyar. Malamar makaranta ce a nan garin, ni na ɗauki hotunan bikin 'ya'yanta biyu. Ranar wata Talata cikin bazara ta shigo shago ba ta ko zauna ba, ta ce maganar mahaifinta ce. Baba Sale tsohon magini ne a wani ƙauye da ake kira Unguwar Magina, can bayan Kudan. Yana da wani zaure na ƙasa da suka gina shi da mahaifinsa tun yana saurayi, irin mai ɗaurin guga, wato rufin da ake ɗorawa a kan bakuna, ginin da aka lanƙwasa kamar bakan harbi, ba ginshiƙi a tsakiya. Daminar bara bangon ya tsage, gara kuma ta cinye azara. Wanta Tanimu ya riga ya sayi bulo da kwanon rufi don a rushe a sake. Amma Baba a cikin zauren yake wuni, a ciki yake kwana, ya ƙi fita.

"Ya ce ba inda za shi sai an ɗauka masa hoton zauren yadda idonsa yake ganinsa," in ji ta. "Mun ɗauka ya fi a ƙirga, duk ya ƙi. Ga hadari ya fara haɗuwa. Malam Haruna, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya ishi rufin nan."

Ta miƙo mini wayarta. Hotunan iri biyu ne. A wasu ana ganin Baba da bakunan rufi, amma ƙofar ta yi fari fat, ba hanya ba bishiya. A wasu kuma ga hanya ga durumin ƙofar gida tar, amma Baba da cikin zauren sun yi baƙi ƙirin.

Na gane matsalar tun kafin ta gama nunawa. Idon mutum yana iya kallon cikin ɗaki mai duhu da hasken waje a lokaci ɗaya ya ga duka biyun. Kyamara ba ta da wannan baiwar, dole ta zaɓi ɗaya. Maganin shi ne abin da muke kira HDR. Za ka kafa kyamara wuri ɗaya, ka ɗauki hoto uku ko biyar na abu guda, wani mai duhu, wani matsakaici, wani mai haske sosai, sannan ka haɗa su a kwamfuta, ta ɗebo waje daga mai duhun, ta ɗebo ciki daga mai hasken. Wayoyin yanzu ma suna yin haka da kansu, sai dai in duhun ya yi yawa sukan dagula fuska. Sharaɗin aikin ɗaya ne, kada komai ya motsa tsakanin hoton farko da na ƙarshe.

Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Aikin minti goma ne."

Har yau in na tuna wannan maganar sai kunya ta kama ni.

Ranar Laraba na haɗa kaya: kyamara, batir biyu, laftof, tsumman goge gilashi, da sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, cikin doguwar jakarta baƙa. Filasha da gangan na bar ta a shago. Tana haska ɗaki, gaskiya ne, amma tana kashe inuwar da ke fito da zanen bango, ginin ya koma shafal kamar allo.

A tasha aka cusa mu huɗu a bayan ƙaramar mota. A damana wata Bafulatana ce daga wajen Furana da ƙwaryar nono a cinya, a haguna wani dattijo mai zuwa Gazara ganin jika. Jakar ƙafa uku na soke ta tsakanin gwiwoyina, kanta yana dukan rufin mota duk ramin da muka faɗa. Dattijon ya daɗe yana kallonta, can ya ce, "Malam, awon gona kake yi?" Na ce a'a, hoto nake ɗauka. Ya ce, "To, madalla. Da awon gona ne da a nan zan sauka, ba na shiga mota ɗaya da masu raba 'yan'uwa." A Makarfi da Bafulatanar za ta sauka ta ce in riƙe mata ƙwarya, nonon kuwa ya fallatsa mini a wando.

Mun tarar da Makarfi a cike, ranar kasuwa ce. Motocin rake sun toshe hanya, direbanmu ya ce nan ne iyakarsa. Na sayi mazarƙwaila curi biyu tsarabar Baba, na ci fate a wata rumfa, mai yaji sosai har sai da na nemi ruwa sau biyu. Ina zaune a inuwar rumfar sai na ga dama ce ta gwaji, ga duhu a ciki ga rana tana dukan tulin rake a waje. Na ɗora kyamara a kan benci na ɗauki uku. Da na duba su a jere, raken yana nan inda yake, amma ba mutum ɗaya da ya tsaya wuri guda a cikin ukun. Na ce a raina ai kasuwa ce, tsoho ɗaya a zaune kuwa ina zai je? Na tattara na nufi Tashar Yari.

A nan na tsallaka babban titin Kano zuwa Zariya, wanda a wurina shi ne iyaka. Da ka tsallaka ka fita daga inda ake saninka. Na ɗauki ɗan acaɓa, muka bi ta cikin fadamun rake da gonakin tumatir da aka riga aka tsinke. Dab da wani ƙauye muka tarar an gindaya gungume a hanya, 'yan sintiri uku suna zaune a gindin mangwaro. Babbansu ya hango doguwar jaka baƙa a bayana, ya miƙe tsam.

"Sauko. Mene ne a ciki?"

"Ƙafar kyamara ce, Yallaɓai."

"Kyamara tana da ƙafa? Ajiye ta ƙasa. Ja baya. Kai mai mashin, buɗe."

Ban ga laifinsu ba, zamanin ne ya zo da haka. Ɗan acaɓan ya zuge jakar da yatsa biyu yana salati. Da ƙarfen ya fito ba su gamsu ba sai da na baje ƙafafun, na ɗora kyamara, na ce su jeru. Suka gyara huluna, suka ƙame, ko ƙiftawa ba sa yi. A duk tafiyar nan ban sami waɗanda suka iya tsayawa hoto kamarsu ba.

Mun shiga Unguwar Magina bayan la'asar. Abin da na fara lura da shi, tun muna nesa da wani durumi ɗan acaɓan ya kashe mashin, ya ce in sauka. Na zaci mai ne ya ƙare. Ashe ƙofar Baba Sale muka kusa. Ya tura mashin da hannu, ya jingine shi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin zauren. Mu a Ikara in mutum yana kan mashin, ya danna ham ya ɗaga hannu, ya gama gaisuwa ke nan. A nan kuwa ko mai jaki sai ya sauko. Hanyar da ta bi ta gaban zauren ita ce ta rijiya, ita ce ta masallaci, ita ce ta gona, kuma ba wanda yake wucewa bai tsaya ba.

Baba Sale siriri ne, dogo, da manyan hannuwa irin na wanda ya yi rayuwarsa yana cuɗa ƙasa. Yana zaune a kan buzu bisa dakalin da ke gefen ƙofa daga ciki. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Ikara, ya tambayi Rabi da mijinta da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyayena da bai taɓa gani ba. Na fara maganar aiki, Tanimu ya taɓa ni a kafaɗa. A gidan nan baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya ci abinci. Dama ko an bar ni ba abin da zan iya yi, domin ƙofar yamma take kallo, rana ta shigo ta cikinta sosai. In rana tana kallon gilashin kyamara kai tsaye, ko hoto goma ka haɗa ba zai yi kyau ba. Sai da safe.

Na ɗaga kai na kalli rufin. Bakuna huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, an yi musu zane da hannu, har sawun yatsu ana gani. Na sha ɗaukar manyan gidaje, ban taɓa tsayawa ina kallon rufi haka ba. Amma daga kusurwar arewa tsaga ta taso tun daga ƙasa har sama, hannuna zai shiga cikinta. Bayan magariba aka kawo tuwon masara da miyar busasshiyar kuɓewa da ta ji daddawa. Muna cikin ci ƙasa ta zubo daga sama ta faɗa gefen kwanon. Baba ya sa yatsa ya kwashe wurin, ya ci gaba da cin tuwonsa. Tanimu ya kalle ni, na kalle shi. Ni a ɗakin baƙi na cikin gida aka sauke ni, da katifa da gidan sauro, Baba kuwa ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙarƙashin wannan rufin.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan koko da ƙosai, na kafa ƙafa uku a ƙuryar zauren ina fuskantar ƙofa, yadda bakuna za su shigo daga sama, Baba daga gefe, hanya da durumi a tsakiya. Ga masu sha'awar sana'ar, ga yadda na saita. Faɗin idon kyamara na tsayar da shi wuri ɗaya, domin in yana canzawa, abin da ya fito tar a wannan hoton zai yi dishi-dishi a wancan. Nisa na saita da hannu a kan fuskar Baba, na hana kyamara nema da kanta. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, na bar shi ƙasa don hoton ya fito sumul. Abin da nake canzawa kawai shi ne tsawon lokacin da idon yake buɗe. Na sa agogon daƙiƙa biyu don kada yatsana ya girgiza ta. Bambancin ciki da waje ya yi yawa, uku ba za su isa ba, sai biyar: mafi duhu har ganyen durumi da sararin sama su fito, mafi haske har a ƙirga azara. Wannan na ƙarshen shi kaɗai yana cin daƙiƙa uku cur.

Na ce, "Baba, ku zauna yadda kuke, kada ku motsa."

Ya ce, "Ina za ni?"

Na danna. Na ɗaya ya shiga, na biyu ya shiga.

"Salamu alaikum. Baba an tashi lafiya?"

"Wa alaikumus salam, Ɗan'asabe! Ya mai jiki? Ta sha maganin? Saniyar fa, ta haihu?"

Hannu ya tashi sama, kai ya juya. Na jira aka gama, na sake daga farko. Wata mata mai tulu. Na sake. Mai jaki da taki. Na sake. Wasu Fulani biyu da sanduna a kafaɗa, su kuma da Fulatanci ya amsa musu, gaisuwar ta fi ta kowa tsawo. Wajen sau tara ina farawa. Da na haɗa wanda ya fi dama-dama a laftof, sai ga Baba da hannu uku da kai biyu, a bakin ƙofa kuma rabin jaki ana hango durumi ta cikinsa. Tanimu ya yi dariya har ya dafa bango. Baba ya leƙa ya ce, "Ni dai biyu Allah ya ba ni, su ma sun gaji."

Na ce, "Baba, don Allah in an yi sallama ku ɗan daure. Ƙirga goma kawai."

"In daure da me?"

"Da amsawa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan, a garinku haka ake yi? Musulmi ya yi maka sallama ka tsaya ƙirga?"

Duk da haka ya gwada sau ɗaya saboda ni. Wata tsohuwa ta yi sallama, ya daure bai amsa ba. Ta sake, muryarta ta canza. Bai bari ta yi ta uku ba.

Raina ya ɓaci, rana tana ɗagawa, batir ɗaya ya kusa ƙarewa. A nan ne dabarar banza ta zo mini. Na ja Tanimu gefe da wani maƙwabcinsu Malam Garba, na ce ɗaya ya tsaya a wannan bakin hanyar, ɗaya a wancan, duk wanda ya zo a ce ya zagaya ta bayan gida. Na ƙara da cewa, "Kada ku tsaya dogon bayani, surutu zai sa ya waiwaya. Ku dai ce a yi shiru a zagaya." Tanimu shi ma a matse yake, ya tafi.

Hanya ta yi tsit. Baba ya zauna hannu a cinya, yana kallon ƙofa. Na ɗauki biyar lafiya lau, na ƙara wasu biyar don tsaro. Ina cikin naɗe kaya ina jin daɗi, sai na jiyo salati daga wajen rijiya, sannan kukan mata.

Ku auna abin da mutanen ƙauyen suka gani. Ɗan gidan a tsaye a bakin hanya fuska ba walwala, maƙwabci a ɗaya bakin, ana cewa a yi shiru, ba a barin kowa ya kusanci ƙofar tsoho ɗan shekara tamanin da wani abu. Kafin minti ashirin labari ya kai gonaki. Wanda ya fara isowa Malam Iro ne, sa'an Baba, wanda suka yi ɗaukar tubalin zauren tare. Ya ture Tanimu da sandarsa, ba takalmi ba hula, liman yana biye da shi. Ya faɗo zauren yana cewa, "Sale! Sale!" Sai ya gan shi a zaune.

"Kai, ba ka mutu ba?"

"Sai dai in ba a gaya mini ba," in ji Baba.

Malam Iro ya zame ya zauna a ƙasa. Yana kuka yana zagin Baba, yana zagin Tanimu, yana tambaya wane ɗan iska ne ya kawo wannan shawarar. Ina tsaye riƙe da ƙafa uku na yi tsuru-tsuru. Sai wayata ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce, wani ya riga ya kira ta. Ta kasa magana, numfashi kawai nake ji. Na ce, "Hajiya, yana nan, wallahi yana nan, ga shi," na kara wa Baba wayar a kunne. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba.

Sauran wunin a ban haƙuri ya tafi. Tanimu ya zagaya da ni gidan mai unguwa, gidan liman, da gidajen tsofaffin matan da suka riga suka yafa mayafi. Mai unguwa bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malam, kai baƙo ne. Mu nan ba mu taɓa ganin an hana mutum gaida Sale ba. In an hana, to, ba ya nan ke nan. Abin da muka sani ke nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure." Kowane gida kuma sai an ba ni ruwa ko fura, dole in sha, har cikina ya ɗaure.

Cajin laftof ya ƙare, sai da na kai shi wurin mai cajin waya da ke kusa da masallaci, mai amfani da hasken rana. Bayan la'asar na haɗa hotuna biyar ɗin nan masu tsabta. Haɗin farko na cika masa hannu, na ja launi da yawa. Baba ya ce, "Wa ya shafa wa bangona manja?" Ya yi gaskiya, wannan ita ce cutar masu HDR, a yi ta ƙari har ƙasa ta daina kama da ƙasa, bishiya ta yi wani farin zobe a gefenta. Na rage, na bar inuwa ta zauna inuwa, na bar waje ya fi ciki haske kamar yadda yake a ido. Hoton ya fito. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aiki mai kyansa ba. Ga bakuna, ga sawun yatsu, ga durumi ganye-ganye, har da hadarin da ke taruwa a bayansa.

Na ɗora masa laftof a cinya. Ya daɗe yana kallo, yana bin bakunan da yatsa ba tare da ya taɓa gilashin ba.

"Ginin ya fito," ya ce. "Wannan bakan babana ne ya ɗaura, wannan ni ne. Ka iya aikinka." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ba zaurena ba ne."

Na ce, "Baba, me ya rage?"

"Ina mutane? Tun da muka yi ƙofar nan ban taɓa leƙawa na ga hanya wayam ba sai yau. Kuma dube ni, baki a rufe, hannu a cinya. Waɗanda suka ce na mutu, da wannan suka gani ai da sun tafi haƙa kabari."

Ya miƙo mini laftof, ya jawo tabarmarsa ya fara shimfiɗawa. Iska mai ƙamshin ruwa ta kaɗo, ƙasa ta sake zubowa daga tsagar. Tanimu ya tashi ya fita. Gaskiya haushin tsohon ya kama ni, na ce a raina wannan rigima ce kawai, ba hoton da zai karɓa. Amma da na sake duba hoton ni kaɗai, na rasa inda zan ce ya yi ƙarya. Hajiya ta faɗa mini tun farko, yadda idonsa yake gani. Ni na ɗauka maganar haske da duhu ce kawai. Allah ya taimaka hadarin ranar ya watse da iska, ba a yi ruwa ba.

Matsalata yanzu a fili take. Tunda mutane ba za su tsaya ba, dole kyamara ta yi sauri, kuma ba za ta yi sauri ba sai cikin zauren ya ƙara haske. Ranar Juma'a da safe ina alwala a tsakar gida, rana ta fito ta daki sababbin kwanukan rufin da Tanimu ya jingine, hasken ya tashi ya haske bangon kicin har ya kashe mini ido. Zauren yana da ƙofa ta biyu, wadda ake shiga gida ta cikinta, ita kuma gabas take kallo. Na kira Tanimu da Malam Garba, na ce wannan karon ba hanya za su tare ba. Suka ɗauki kwano ɗaya suka tsaya a tsakar gida, ina daga ciki ina cewa a karkata, a ɗaga, a sauke, har hasken ya shigo ya daki bangon baya ya bazu a rufin. Ban bari ya daki fuskar Baba kai tsaye ba.

Sannan na saki abin da na riƙe jiya. Na ɗaga ISO, na yarda hoton ya ɗan yi yashi-yashi a lungu. Na ƙara buɗe idon kyamara kaɗan. Biyar suka koma uku, na sa ta harba su a jere da dannawa ɗaya, duka ukun ba su kai daƙiƙa ɗaya ba. Abin da ya rage na motsi kuma manhajar haɗawa tana da maganinsa, za ka nuna mata hoto ɗaya ka ce duk abin da ya motsa ta ɗauko shi daga wannan kaɗai. Na san da wannan tun da daɗewa, girman kai ne ya sa na nace sai na sami mai tsabta.

Baba ya ce, "Yau ma in ƙame?"

Na ce, "A'a Baba. Ku yi harkarku, ku manta da ni."

Safiyar Juma'a ce, ga kuma abin da ya faru jiya, kowa yana son ya gan shi da idonsa. Na yi ta dannawa, su Tanimu suna kuka da zafin kwano a hannu. Batir na biyu yana jan ƙarshe na tsaya. Na zauna a dakali na duba su ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a kan wani. Malam Iro ne a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya dogara sanda ya sunkuyo. Baba ya ɗaga hannu, baki a buɗe, da alama tsiya yake yi masa. A bayansu wata mata da ƙwarya a ka tana jiran layinta, ga durumi, ga hadari ya yi baƙi. Na zaɓi matsakaicin hoton na ce ta ɗauki mutane daga nan. Yatsun Baba sun ɗan yi hazo, kusurwar arewa ta yi yashi. Na fara ba shi haƙuri a kan haka, bai ma saurare ni ba.

Ya kalla, ya kalla. Ya kira Malam Iro ya ce, "Zo ka ga ƙeyarka." Suka haɗa kai a kan laftof su biyu, ba wanda ya yi dariya. Can Baba ya ce, "Za a iya fitar da shi a takarda? Babba?"

Na ce, "Ƙwarai, Baba. Zan wanke shi a Zariya, Hajiya ta kawo muku."

Ya gyaɗa kai. Ya sauko daga dakalin a hankali, ya naɗe buzunsa, ya naɗe tabarma, ya ɗauki buta da carbi. Tanimu ya miƙa hannu zai karɓa, ya hana shi. Ya fita da ƙafarsa ya ajiye su a gindin durumi.

"Tanimu, kira mutanenka kafin a tafi masallaci, ruwan nan ba zai kai gobe ba. Kada su taɓa bango. Su hau sama su fara kwashe ƙasar rufi, sannan bakan arewa, sannan na kudu. Ni na ɗaura shi, ni na san ta inda zai kwance bai danne kowa ba."

Kafin rabin awa maza huɗu sun hau da diga da shebur. Baba yana zaune a kan buzu yana nuna musu da sandar Malam Iro. Da ƙasar farko ta rufto ciki, ƙura ta fito ta ƙofar, na ga hasken ya yi kyau, na ɗaga kyamara da ɗan abin da ya rage a batir. Bai waiwayo ba, amma ya ji motsina.

"Ɗan nan," ya ce, "wannan kada ka ɗauka."

Na mayar da ita cikin jaka, na zauna kusa da shi a ƙasa.